Ɗaukar Babban Fallen Katako a Shagon Kafinta

In an tambayi ɗayanmu abin da ya fi haɗari a shagon kafinta, ba shakka zai ce zarto, ko kurfi, ko injin tsaga katako. Gaskiya ne waɗannan suna yanka, amma kowa yana ganin kaifinsu, saboda haka kowa yana kama su da hankali. Akwai wani abu kuwa da ke jingine da bango shiru, ba ya ƙara, ba ya walƙiya, yara ma su kan jingina da shi su ci gyaɗa, alhali yana iya karya ƙafar ƙato ko ya danne yaro har numfashi ya gagare shi. Wannan abu shi ne babban fallen katako, irin wanda a ke yin kabad da ƙofa da allon bango da shi.

Dalilin da ya sa muka ga ya kamata mu yi magana a kansa cikin wannan mujalla shi ne, yawancinmu in mun gama karatu makarantu za a tura mu, waɗansunmu kuma can ƙasarsu za su koma, Wurno ko Rabah ko Goronyo. To, a makarantar ƙauye malami ne ke zuwa wurin kafinta a kan maganar benci da allo, shi ne kuma ke cewa yara su je su ɗauko. In bai san halin abin da ya aike su ɗauka ba, alhakin yana wuyansa.

Aikin itace ba baƙo ba ne a wannan ƙasa. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya mai da Wurno ribaɗi ya zauna a can har ya rasu cikin 1837, ya hori shugabanni a littafinsa Usulus Siyasa da su kula da masu sana'a, ya kuwa ambaci masu aikin itace a cikinsu. Amma masassaƙin da kakanninmu suka sani da gungume ya ke aiki. Ya sari itace, ko icce yadda mu ke faɗi a Sakkwato, ya sa gizago ya fid da turmi ko akushi ko kwale-kwale. Magini kuma azarar giginya ya sani. Gungume da azara duk suna da nauyi, amma nauyinsu a dunƙule ya ke, ido yana ganinsa, kafaɗa ta san inda za ta shiga. Ɗaukarsu kuwa an gaje shi tun kaka da kakanni.

Falle shi ne baƙo. Sa'ad da Ahmadu Bello, ɗan Rabah, ya ke koyarwa a Midil ta Sakkwato daga 1931 zuwa 1934, ko ma'aikatar filawud ta Sapele ba a gina ba tukuna. Sai a ƙarshen shekarun 1940 kamfanin African Timber and Plywood ya fara yinsa a can Kudu. Yadda a ke yinsa kuwa, a kan ɗora gungume a inji a juya shi, wuƙa tana fere shi siriri kamar ana warware turmin zane, sa'an nan a manne siraran bisa juna da gam, ko wane ɗaya jijiyarsa ta gitta ta wanda ke ƙarƙashinsa. Wannan gittawa ce ta ba shi ƙarfi ta ko wane gefe. Daga baya, cikin shekarun 1960, aka ƙago wani iri a Amurka wanda a ke kira MDF, shi kuma niƙaƙƙen itace ne a ke cuɗawa da gam a matse. Ya fi filawud santsi, ya kuma fi shi nauyi. Yanzu da yawa daga cikin fallayen da ke shigowa kasuwanninmu daga ƙasar Sin su ke zuwa. Watau abu ne da ya iso mana a ƙere, ba mu gaji hanyar ɗaukarsa daga kowa ba.

Bari mu auna shi. Awon da aka saba shi ne tsawo ƙafa 8, faɗi ƙafa 4, awon da aka fara tsaidawa a Amurka cikin 1928 har ya game duniya. Filawud mai kaurin milimita 18, watau wajen kashi 3 cikin 4 na inci, nauyinsa ya kan kai kilo 30 ko ya ɗara kaɗan, gwargwadon irin itacen. MDF mai wannan kauri ya kan kai kilo 40. Buhun siminti kilo 50 ne, mun kuwa san samari da yawa masu saɓa shi su yi ta tafiya suna raha. Saboda haka saurayi ya kan dubi falle ya ce ai bai kai siminti ba. Nan ne ya ke yin ganin kitse ga rogo. Buhu yana manne da jikin mai ɗauka. Falle kuwa ya fi ƙarfin hannu: in ka sa shi a hammata yatsunka ba su kai gindinsa, in ka rungume shi ka toshe idonka, rabin nauyinsa yana ƙafa 4 gabanka, rabi yana ƙafa 4 bayanka, ko wane ɓangare yana neman ya rinjayi ɗan'uwansa.

Hukumar da ke kula da lafiyar ma'aikata a Ingila ta ba da wani awo na jagora. Ta ce namiji mai lafiya, in kaya yana daidai ƙugunsa kuma kusa da jikinsa, kilo 25 ne iyakar abin da zai riƙa ɗauka ba tare da an tsaya an duba haɗarin ba. Ta kuma ce in mutum biyu suka haɗu, kada a lissafa ƙarfinsu ninki biyu, a lissafa kashi 2 cikin 3 na jimlar, domin ba su ɗagawa daidai, ba su takawa daidai. To, kashi 2 cikin 3 na 50 ya zama 33 da ɗan kai. Ashe ke nan MDF guda ɗaya, bisa wannan awo, ya ɗara abin da mutum biyu za su ɗauka cikin sauƙi, balle yaro ɗaya mai shekara 13.

Amma babban abin da mu ke so 'yan'uwa su riƙe ba a wurin ɗauka ya ke ba, a wurin jingina ya ke. Kusan ko wane shago da muka sani, a kan jingina fallaye da bango, goma ko fiye, ɗaya bayan ɗaya. Mai saye ya zo yana son na can ciki, sai maigida ya ce wa yaro, "Zo ka tare mini waɗannan." Yaro ya tsaya gaba, maigida yana buɗo su ɗaya ɗaya zuwa gare shi kamar mai buɗe shafin littafi. Yaro ba ya jin nauyin kome, har ya kan tare su da hannu ɗaya, domin muddin falle yana tsaye cak, ƙasa ce ke ɗauke da shi duka.

To, mu yi lissafi irin na aji. A ce fallaye 10 ne na MDF, suna tsaye bisa dogon gefensu, tsayinsu sama ƙafa 4. Jimlar nauyinsu kilo 400, watau buhun siminti 8. In samansu ya karkato wajen yaro da inci 4, ƙarfin da zai tokare su da shi wajen kilo 17 ne, yana iyawa. In suka karkato ƙafa 1, ya zama kilo 50 da 'yan kai, buhun siminti guda ke nan yana tura masa hannu. In suka kai ƙafa 2, ya wuce kilo 110. Daga inci 4 zuwa ƙafa 2 kuwa bai wuce ƙiftawar ido ba, gama da nauyi ya ƙaru sai yaro ya ja da baya, da ya ja da baya sai karkata ta ƙaru, da karkata ta ƙaru sai nauyi ya daɗa ƙaruwa. Ba ƙaton da zai iya tsai da wannan in ya fara. In kuwa akwai teburin aiki ko bango bayan yaron, ba shi da wurin tsira. Wannan lissafi ya cancanci a ba 'yan babban aji su yi da kansu, sa'an nan a fita da su waje a gwada da falle ɗaya mara kauri, ko wane yaro ya ji da hannunsa yadda nauyi ke zuwa.

Maganin wannan ba ya cin kuɗi mai yawa. Mafi kyau duka shi ne a kwantar da fallaye, a jera katako 4 masu kauri ɗaya a ƙasa, a ɗora su bisa. Abin da ke kwance ba ya faɗuwa, ba ya kuma tanƙwarewa. Ɗagawar nan daga ƙasa tana tsare su daga gara da laima. Mutanen bakin Gulbin Rima ba sai an gaya musu wannan ba, sun ga abin da ambaliyar 2010 ta yi wa garuruwan da ke ƙasa da madatsar Goronyo. MDF in ya sha ruwa ya kan kumbura, ya ƙara nauyi, ya ruɓe, har gefensa ya gutsure a hannun mai ɗauka, sauran ya sauka bisa yatsun ƙafa.

Amma shagunanmu ƙanana ne, sau da yawa ba wurin kwantarwa. In haka ne sai kafinta ya ƙera wa fallayen akurki nasu, ai sana'arsa ce. Ya kafa ginshiƙai masu ƙarfi ya rarraba wurin gida gida, ko wane gida ya ɗauki falle 3 ko 4, bakinsa yana duban fili, yadda za a zaro wanda a ke so ta gefe, ba wanda zai tsaya gaban tarin. In ko wannan ya gagara, tilas sai an jingina da bango, to, a tsai da su bisa dogon gefe, a bar tsakanin gindinsu da bango kamar faɗin tafin hannu ko ɗaya da rabi, watau inci 4 zuwa 6. In aka matsa su jikin bango ƙwarai, taɓawa kaɗan za ta kifo su. In aka ja gindin nesa ƙwarai, sai su zame, musamman a daɓen siminti mai garin katako. A kafa ɗan katako a ƙasa ya tokare gindin, a kuma gitta igiya ko sarƙa daga ƙusa zuwa ƙusa a bango. Wanda ke son falle na ciki ya kawar da na gaba ɗaya ɗaya zuwa wani wuri. Yana cin lokaci, mun sani. Sai dai a tuna bangon ƙasa da katangar kwano ba ko wane ne ke jure turin tarin fallaye ba, a duba bangon kafin a jingina masa.

Mu zo ga ɗauka. Kafin a taɓa falle, a fara bin hanyar da ido, daga inda ya ke har inda za a ajiye shi, a kawar da guntayen katako da wayar inji da buta, a kori ƙananan yara da awaki, a kuma shirya wurin ajiyewa. Abin mamaki, wannan na ƙarshe shi aka fi mantawa, sai ka ga mutum biyu sun iso da kaya suna nishi suna neman wanda zai janye musu benci. A duba sama kuma. Falle in za a miƙe shi daga dogon gefe zuwa gajere, kusurwarsa ta kan kai kusan ƙafa 9 a sama, domin daga kusurwa zuwa kusurwa ƙafa 9 ne ba kaɗan. Wanda bai san wannan ba shi ke dukan fanka ko ƙwai ko wayar lantarki.

Hausawa sun ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, duk wanda ya taɓa ganin ana ɗora jinka kuwa ya san ba yawan hannaye kaɗai ke yin aikin ba, akwai mutum ɗaya da ke ba da murya. Haka ya kamata a yi da falle. Mutum biyu, waɗanda tsayinsu ya yi kusa, ɗaya a ko wane ƙarshe, duka a gefe guda na fallen. A ɗauke shi a tsaye bisa dogon gefe, hannu ɗaya a ƙasa yana ɗauka, ɗaya a sama yana tsarewa. A durƙusa da gwiwa a miƙe da ƙarfin cinya, kada a sunkuya da baya. Na baya shi ke ganin kayan duka, shi zai ce "Bismilla" a ɗaga, shi zai ce a tsaya, shi zai ce a aje. In za a juya, a juya da ƙafa, kada a murɗa ƙugu. Wurin ajiyewa a sauke kusurwa ɗaya bisa ɗan guntun katako domin yatsu su sami wurin fita.

In ba makawa sai mutum ɗaya ya ɗauka, kuma fallen mara kauri ne, akwai dabarar igiya. A sami igiya mai tsawon wajen ƙafa 20, a ƙulle bakinta biyu ta zama zobe, a rataya ta a kusurwoyin ƙasa guda biyu, a kama tsakiyarta a ɗaga, ɗaya hannun yana tsare sama. Nauyin ya kan dawo daidai inda hannu ke rataye. Wanda ya fi wannan kuma shi ne 'yar amalanke: guntun katako mai kwari a tsakiya da ƙafafun tsohon baro, a ɗora gindin falle a tura. Mafi sauƙi duka kuwa, in an riga an san awon kabad ɗin, a yanka fallen tun a wurin saye ko a ƙofar shago. Tsofaffin garuruwa irin Wurno lungunansu ƙunci gare su, zaure kuma da gangan a ke karkata ƙofofinsa don kada na waje ya hango cikin gida. Abu mai ƙafa 8 ba ya shan wannan kwana da daɗi.

Sai maganar iska, wadda a ganinmu ita ce ta biyu wajen haɗari a wannan yanki, domin yawancin kafintocinmu a rumfa su ke aiki, a bakin hanya. Faɗin falle ƙafa 32 ne murabba'i. Iska mai gudun kilomita 36 a sa'a, irin wadda hunturu ke kawowa ba mamaki, in ta bugi fuskarsa sosai tana tura shi da ƙarfin kilo 20 da 'yan kai. In gudunta ya ninka biyu, turin ba biyu ya ke ninkawa ba, huɗu ya ke ninkawa, ya wuce kilo 80. Iskar da ke gaban hadarin farkon damina tana iya kai wannan, ba ta kuwa sallama. Saboda haka a waje a riƙa fuskantar da bakin fallen wajen iska, in kuwa an ga gabas ta haɗe a kwantar da kome a danne. Mun saba ɗaukar kaya a ka bisa gammo, al'ada ce mai kyau ga tulu da dami, amma ga falle mai faɗi mu ba mu yarda da ita ba. Iska in ta shiga ƙarƙashinsa wuya ta ke murɗawa.

Wannan lissafi shi ke aiki a kan hanya kuma. Fallaye daga Sakkwato su ke tasowa, su bi ta Acida zuwa Wurno da Goronyo, ko su nufi Rabah, mota kuwa ita ke yi wa kanta iska da gudunta. In an ɗora su bisa rufin mota a ɗaure gaba tamau, domin nan iska ke shiga ta ɗaga. Ɗaukarsu a babur, mutum na baya yana riƙe, ganganci ne, ko da ya ke mun san tsadar haya ke sa mutane yin haka. Wanda zai ƙetare gulbi da falle a kwale-kwale ya kwantar da shi, kada ya tsai da shi ya zame wa iska abin kamawa.

Gilashi da kwano 'yan'uwan filawud ne a wannan magana, sai dai su sun ƙara da kaifi. Gilashi mai kaurin milimita 6, ko wace mita murabba'i kilo 15 ce, saboda haka mai girman falle ya kai kilo 45. Shi ba a ɗaukarsa a kwance ko kaɗan, nauyin kansa ya isa ya tsaga shi ta tsakiya. A ɗauke shi a tsaye, a gefen jiki, da safar hannu mai kauri ko tsumma ninki ninki, a rufe wuyan hannu inda manyan jijiyoyin jini su ke. In ya kuɓuce a bar shi ya faɗi, a ja da baya. Hannu ya kan kai cafka da kansa ba da shawarar mai shi ba, don haka sai an riƙa faɗa wa yara wannan tun kafin ranar ta zo. Kwano kuma bakinsa reza ne, in ya sha ranar bazara ta Sakkwato ba ya taɓuwa. Babbar riga da silifa ba kayan wannan aiki ba ne, a tuɓe rigar a sa takalmi mai rufi.

Game da yaran makaranta, shawararmu ita ce kada a aiki 'yan ƙananan aji ɗaukar allon bango ko ƙofa ko kwano sam. Manya kuma su zama huɗu ga falle ɗaya, malami yana tare da su, shi ke ba da murya. Allon da aka jingina a aji bisa kujeru biyu, ba ƙusa ba igiya, ranar da malami ya fita yara suka yi kokawa kusa da shi zai sauko. A kafe shi a bango tun ran da aka kawo shi.

In kuma, Allah ya kiyaye, tari ya faɗa wa mutum, kada a kama ƙafarsa a ja. A taru a ɗage fallayen daga na sama, da sauri amma ba tare da wani ya taka tarin ba, in kuwa mutane sun isa a ɗaga gefe ɗaya a cusa katako ya tokare. In an fid da shi a duba numfashinsa da fari. Wanda ya ce wuyansa ko bayansa na ciwo, ko ya ce ba ya jin ƙafafunsa, kada a zaunar da shi, kada a naɗe shi a bayan babur. A zura masa falle ɗaya daga cikin waɗanda suka faɗo, mutum ɗaya yana riƙe da kansa daidai da jikinsa, a ɗauke shi a kai a miƙe zuwa asibiti mafi kusa. Wanda ya tashi da kansa ya ce ba kome, amma abin ya danne masa ƙirji ko ciki, shi ma a kai shi a duba, domin jinin da ke zuba a ciki ba ya nuna kansa sai bayan sa'o'i.